In rubuta labarin yayata, ko in miƙa wanda waya ta rubuta?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare, shekarata 16. Makarantarmu ta sa gasar rubuta gajeren labari, da Hausa ko da Turanci, kada ya wuce kalma 1,200, kuma saura mako uku a rufe karɓa. Na rubuta nawa a kan yayata. An cire ta daga makaranta tana aji uku aka yi mata aure, bayan shekara huɗu auren ya mutu, ta dawo gida da ɗanta. Ba ta cika magana ba, amma duk daren Lahadi ita take goge min kayan makaranta, ba ta yarda kowa ya taɓa. Da na nuna wa yayana da ke jami'a sai ya ce wannan tonon asirin gida ne, kuma labarin ba shi da armashi, ba mai ba shi maki. Ya ce in bari ya sa ChatGPT ya rubuta min wani da Turanci mai zafi, wai yanzu kowa haka yake yi. Anti, ina son in ci gasar nan, don Baba gani yake rubuce-rubucena ɓata lokaci ne. Amma raina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Ɗaliba daga Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yata.

Yayanki magana biyu ya faɗa. Ɗaya akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ɗayar kuwa ki bar masa kayarsa. Bari in fara da wadda za ki bar masa, don ita ce mai sauƙi.

Na yi shekaru ina koyar da Hausa a sakandare, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an jibge mini takardun gasa irin taku a ofishin malamai an ce in duba. Tun kafin wayoyin nan su iya rubutu ake samun masu kawo aikin da ba nasu ba. Wata yayanta ne ya rubuta mata, wani ya kwafo daga tsohon littafin da yake zaton ba wanda ya taɓa karantawa. Ba mu da wata na'urar kama su, kiran mutum kawai muke yi. Na tuna wata yarinya da ta kawo labari da Turanci mai kyan gaske, har mun sa ta cikin ukun farko. Malamin Turanci ya aika aka kira ta, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a shafin farko, ya ce ta gaya masa ma'anarta. Ta kalli kalmar, ta kalli silin, ta hau murɗa bakin hijabinta. Ba a dake ta ba, ba a kore ta ba, amma har ta gama makarantar, in ta kawo aikin gida mai kyau sai malami ya ɗago ya dube ta sau biyu. Kayan aro ba ya rufe katara. Malaman da za su duba gasar nan su ne ke duba littafinki na insha'i tun kina aji ɗaya. Sun san tsawon jimlarki, sun san kalmomin da kike tuntuɓe a kansu.

A ce ma ba a gane ba. An kira sunanki a asambuli, an tafa miki, kin rungumo kyauta kin kai wa Baba. Me kika nuna masa? So kike ya yarda cewa hannunki ya iya, sai ki kai masa shaidar hannun da ba naki ba. Ga kuma wata ɗaliba can da ta yi dare uku tana rubutu da fitilar waya, kin danne mata haƙƙi ba ta sani ba. Wannan ha'inci ne ko da kowa na yi, ni kuwa ban ma yarda kowa ke yi ba.

In yayanki da gaske yake son taimaka miki, ki ba shi wannan tarihin. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma daga gasar nan ne aka samu littattafan ƙagaggun labaranmu na farko. Cikin biyar ɗin da aka buga, biyu daga gida ɗaya suka fito. Malam Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam kuma, yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, ya kawo Ruwan Bagaja. Wa da ƙane, gasa ɗaya, kowa da alƙalaminsa, alhali wan ya girme shi nesa ba kusa ba. Da ya ce masa "kawo in rubuta maka, ni ne babba," da wa zai gane hannun da aka damƙa wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939? Aikin yayanki shi ne ya karanta ya ce miki "nan na ɓace," ko "nan na fara hamma." Da zarar ya karɓi biro ya fara sa miki jimla, ya wuce gona da iri, ko shi ne ko wayarsa.

To, yanzu maganar da ta fi nauyi. A batun asiri yayanki bai yi ƙarya ba. Rubutun naki ne, amma rayuwar da ke cikinsa ta yayarki ce. Ita ta zauna a gidan, ita ta ɗauko akwati ta dawo. Makarantarku kuma ba a wata duniya take ba. A ajinku akwai 'yar maƙwabta, akwai wadda ta ci shinkafar bikin, wataƙila ma akwai 'yar dangin tsohon mijin. Labarin da ya ci gasa kuwa ba a aljihun tebur yake kwana ba. Ana karanta shi a gaban jama'a, ko a manna shi a allon sanarwa, yanzu kuma wani malami zai ɗauki hotonsa, cikin jin daɗi da alfahari, ya tura zauren WhatsApp na iyaye.

Ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Ina aji huɗu a makarantar kwana na rubuta labari a kan abokiyar zaman mahaifiyata. Ban canza komai ba, har sunan da muke kiranta da shi, har tabon ƙunar da ke bayan hannunta. Na zo ta biyu, aka sa ni na karanta ranar raba kyaututtuka, ina ta fiffika. Na manta shaf cewa 'yar ƙanwarta tana aji biyu a makarantar. Kafin in iso gida hutu labari ya riga ni. Matar nan ba ta ce mini uffan ba, ta zuba mini tuwo kamar kullum, har da man shanu. Mahaifiyata ce ta sha kunya, ita ta yi ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta san an yi ba. Abin da ya fi ci mini rai da na girma shi ne, ba ƙarya na rubuta ba, amma rabin gaskiya ce, iyakar abin da yarinya ke hangowa daga ƙofar ɗakin uwarta. Ƙamus aka ba ni kyauta. Yana nan har yau, kuma ba na son buɗe shi.

Saboda haka kafin ki gyara ko da waƙafi ɗaya, ki nemi izinin yayarki. Ke da ita kawai, ba a gaban Mama ba, ba a gaban yayanki ba. Ki gaya mata abin da kika rubuta da inda zai je, har da yiwuwar a karanta shi a bainar jama'a. Kada ki yi mata wayo da "ai ɗan aikin makaranta ne." Kafin nan ki tambayi malamin da ke kula da gasar me za a yi da labaran da suka yi nasara, don ki je mata da magana tabbatacciya. Sannan ki lura da kyau, mace mai kawaici irin yayarki tana iya cewa "ba komai" alhali da komai. Ki dubi fuskarta fiye da bakinta. In kin ga ta yi jim, ta kau da kai, ta canza zance, to a'a ce ta ce miki. Ki ninke labarin ki sa a ƙasan akwati, ba zai ruɓe ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mako uku ya ishe ki rubuta wani, kuma idon da ya ga abin da kika gani a daren Lahadi ba zai rasa abin gani a layin famfo ko a cikin adaidaita sahu ba.

In kuwa ta amince da zuciya ɗaya, to ki canza wa labarin riga. Suna, gari, yawan shekarun auren, duk ki sauya. Ɗan ya koma 'ya, ko ma ki cire shi, don yaron nan zai girma ya iya karatu. Yayar ta koma gwaggo, ko 'yar kawu da ke zaune a gidan. Dalilin mutuwar auren kuwa ki bar shi a rufe. Shi ma tsohon mijin yana da haƙƙi, kuma ɓangare ɗaya kika ji. Ba za ki yi asarar komai ba, don mai karatu ba sunan unguwarku yake nema ba.

Akwai mutum ɗaya da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki, wanda nake jin yana tsakiyar labarin. Ba ki faɗa mini wanda ya cire ta daga makaranta ba, amma ba a cire yarinya ba da sanin uba ba. Kin ga ke nan labarin da kike son ki burge Baba da shi yana iya zama ƙarar Baba kika kai gaban malamai. Ki sake karanta abin da kika rubuta ki ga yadda uban ya fito. In ya fito azzalumi mai zare ido, wanda ba ya komai sai tsawa, kin cuce shi, kuma kin cuci labarin, don irin wannan uban mun gaji da ganinsa a takardun gasa, duk kamarsu ɗaya. Uban gaske yana da dalilinsa ko da dalilin bai yi daidai ba: kuɗin makarantar yara shida, maganar dangi, tsoron abin da mutane za su ce, alƙawarin da ya ɗauka wa aboki. Yana iya zama mutumin da tun da 'yarsa ta dawo bai iya haɗa ido da ita ba, sai dai ya sayo wa jikansa biskit ya miƙa ta hannun wani. Wannan uban ya fi wuyar rubutawa, amma shi ne za a karanta a yi shiru. Ba ce miki na yi ki wanke abin da aka yi ba. Cire yarinya daga aji uku asara ce, kuma labarinki zai nuna haka ba sai kin hau mumbari ba.

Batun armashi kuwa, ina jin yayanki bai karanta da kyau ba, ko kuma ke ce kika binne abin a tsakiyar shafi na uku. A duk wasiƙarki jimla ɗaya ce ta tsayar da ni: duk daren Lahadi ita take goge miki kayan makaranta, ba ta yarda kowa ya taɓa. 'Yata, labarin ke nan. Wadda aka tuɓe wa yunifom tana goge na ƙanwarta. Ba sai kin ƙara hatsarin mota ko boka ko gadon miliyoyi ba.

Kuskuren da kusan kowane ɗalibi ke yi shi ne ya ɗauko shekara huɗu ya ce sai ya cusa su cikin kalma 1,200. Sai a samu tarihi a guje: an haife ta, ta shiga makaranta, aka yi biki, aka yi saki, ƙarshe. Ke dare ɗaya za ki ɗauka. An ɗauke wuta, ta hura gawayi, ta zuba a dutsen guga, ta shimfiɗa tsohon bargo a kan tabarma. Yadda take yayyafa ruwa da yatsu. Yadda take bin karin wandon sau uku ko da ya riga ya tsaya. Ko ta taɓa kara rigar a jikinta da ta zaci kin yi barci? Ke kika sani, ni ban je gidanku ba. Auren da sakin su leƙo ta gefe, cikin jimla biyu ko uku, kamar yadda ake jin hirar maƙwabta ta kan katanga.

Ga misali. Yawancin ɗalibai za su rubuta: "Ta shiga cikin matsanancin baƙin ciki mara misaltuwa, hawaye na kwarara daga idanunta kamar ruwan sama." Na karanta irin wannan jimlar har na daina ƙirgawa, kuma ba ta taɓa sa ni jin komai ba. Gwada wannan: "Ranar da ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta ajiye akwatin a bayan ƙofa, ta ɗauki tsintsiya ta hau share tsakar gidan da aka riga aka share." Ba a ambaci baƙin ciki ba, amma ya shigo ya zauna. Kada ki ɗauki wannan jimlar, tawa ce, kuma mun riga mun yi maganar kayan aro. Ki nemo taki daga abin da idonki ya gani.

Abu biyu kuma ki guje musu. Kada ki buɗe da "A wani gari mai suna kaza an yi wata yarinya kyakkyawa son kowa ƙin wanda ya rasa." Malamin da ya karanta takarda talatin kafin taki ya ga wannan yarinyar sau ashirin. Kada kuma ki rufe da "sai na farka, ashe mafarki nake," ko da sakin layi na jan hankalin iyaye da kira ga gwamnati. In labarin ya yi aikinsa ba ya bukatar tafinta. Ki tsaya inda ta ninke rigar.

Kada ƙanƙantar filin ta dame ki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, kalma 1,000 zuwa 1,500 take karɓa, kusan daidai da taku, kuma labarin da ya fara lashe ta a kan rayuwar sansanin 'yan gudun hijira ne. Nan da 'yan shekaru kina iya shiga irinta, sai ki ɗauki ta makarantarku a matsayin share fage.

Hausa ko Turanci? Ki saurari muryar yayarki a cikin kanki. In da Hausa take cewa "miƙo min hijabin, kar ya kwana a yamutse," to da Hausa za ki rubuta, tunda ƙa'ida ta ba ki zaɓi. Turanci mai zafi ba ya cin gasa don zafinsa. In kin fi sakewa da Turancin, ki yi shi da kalmomin da kika mallaka, waɗanda in an ɗora yatsa a kansu ba za ki kalli silin ba.

Amma in Hausar kika zaɓa, ki yi ta da ƙa'ida, don a nan ɗalibai ke zubar da maki a banza, suna ganin ai harshensu ne. Ƙugiya ba ado ba ce: "fada" daban, "faɗa" daban, "baki" daban, "baƙi" daban, kuma wanda ya "kafa" ba shi ne mai "ƙafa" ba. "Tana" da "yana" a haɗe suke, haka "gidansu," amma "ita ce," "shi ne," "za ta" a rabe. Rubutun hira ta waya, irin su "ngd" da "ykk," ki bar shi a waya. In an ce sai an buga da kwamfuta, ki zauna kusa da mai bugawar a shagon, don da yawansu sauke ƙugiyoyin nan suke yi gaba ɗaya, su miƙo miki takarda ki biya ki tafi. Ki karanta kafin ki biya. In da hannu ne, ki ƙirga kalmomin layi biyar ki raba biyar, ki ninka da yawan layukanki, za ki san inda kike. An ce kada ya wuce 1,200, to 1,300 ba ƙwazo ba ne, dalilin ajiye takardarki gefe ne tun ba a karanta ba. Ki duba inda aka ce a sa suna da aji, ki ajiye kwafi a gida, ki miƙa saura kwana biyu, ba ranar rufewa ba.

Makon farko na yayarki ne da sabon zubi. Daga nan ki ajiye shi kwana uku kada ki kalle shi, sannan ki ɗauko ki karanta da ƙarfi, ke kaɗai a ɗaki. Duk inda harshenki ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba. Duk inda kika ji kina sauri don ki wuce, ki goge wurin.

Ba zan yi miki alƙawarin za ki ci ba. Alƙalan gasa mutane ne, wani yana son barkwanci, wani yana son wa'azi, kuma na sha ganin labarin da na fi so ya zo na huɗu don abokan dubawata ba su ga abin da na gani ba. In haka ta faru ki je wurin malamin, cikin ladabi, ki ce ya nuna miki inda ya rage miki maki. Ɗalibai kaɗan ne ke yin haka, kuma malamai ba sa manta su. Shi kuma Baba, ban san shi ba, amma yawancin iyaye ba rubutun suke ƙi ba, tsoro suke kada ya cinye karatun. Ki riƙe sakamakon jarrabawarki da kyau, ga WAEC da NECO na tafe baɗi, kada ki ba shi hujja.

Lahadi mai zuwa, in ta hura gawayin nan ta shimfiɗa bargo, kada ki tafi ki kwanta kamar yadda kika saba. Ki jawo kujera 'yar tsugunno ki zauna kusa da ita, ki riƙe mata fitila. In ta gama da rigar, kafin ta ɗauki hijabin, ki ce mata, "Yaya, na rubuta wani abu, ina so ki fara ji kafin kowa."